Tabon da Ya Tashi Sama

Kawuna kafinta ne, shagonsa na ƙarshen layi, kusa da mai gyaran keke. Ƙofofi da tagogi ne aikinsa, kuma ba ya barin katako ya fita shagonsa da aibu.

Wata rana da hantsi wata malamar asibiti ta zo karɓar ƙofarta. Ta duba sama da ƙasa, sai ta nuna wani wuri da yatsa.

"Malam, wannan tabon fa?"

Kawu ya sha kunu. Ya ɗauko wuƙa zai kankare, yana kai hannu sai tabon ya buɗe fukafukai, launin lemo ya walƙa daga ƙarƙashinsu, ya yi sama. Kawu ya ja da baya har ya zauna daɓas cikin garin katako. Malamar ta yi dariya har da hawaye.

"To, ai ka gyara," in ji ta. "Ban taɓa ganin aiki mai sauri haka ba."

Faɗa-wuta ne, ɗan'uwan malam-buɗe-littafi, amma shi da rana barci yake yi. Yana lafewa jikin itace, ya rufe fukafukansa na ado da wasu masu ruwan toka da zane-zane, sak ɓawon icce.

Tun ranar Kawu ya kamu. Ya tara itatuwa masu ɓawo a bayan shago, ya hana kowa taɓawa. Kafin ya ɗora zarto sai ya ƙwanƙwasa katako, wai ko da baƙo. Matarsa, wadda muke kira Inna, ba ta yi murna ba, don tsutsotsin da ke zama faɗa-wutan su ne ke cinye mata ganyen shukarta.

"Baƙinka sun yi kalaci a lambuna," takan ce.

"A yi haƙuri, Hajiya, yara ne."

Yanzu ya tsufa, ya bar wa surukinsa shagon. 'Yarsa ta saya masa waya mai kyamara, kullum da safe sai ya turo wa dangi hoton icce, ya ce a nemo. Mu masu ƙarfin ido sai mu yi ta ƙura wa waya ido a banza. Inna ce ke fara ganowa, ko tabarau ba ta sakawa.

"Na san ɓarayina," in ji ta.

Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ta miƙa masa ruwa.