Tsohon Ɗan Fim a Kicin ɗin Kaka

A unguwar Sa'alaba muka tashi, can ƙasar Larabawa, a wani gida mai zafi wanda ba a samun iska sai a kan rufi. Bayan magariba Kaka Hawwa'u, mahaifiyar babanmu, takan hau can da kaskon gawayinta, ta ɗora gahawa, mu kewaye ta. Tatsuniyoyin da ta taho da su daga Sudan duk mun haddace, shi ya sa ni da ƙanwata Safiya muke naci: "Kaka, na Baturen nan!"

Sai ta fifita wuta ta ce, "Yalla, ku matso."

Kaka ta daɗe tana girki a gidan wata Ba'amurkiya a unguwar Abhur ta bakin teku. Wata shekara mahaifin matar ya zo hutu, wani dogon tsoho. Kaka na ganinsa ta saki cokali, don ta san fuskar a talabijin. Shi ne likitan da ke girgiza kai a bakin gado, shi ne mai kantin da ɓarayi ke ɗaurewa, wani lokacin ma shi ne ɓarawon, a harbe shi tun ba a je ko'ina ba. Tun yana saurayi yake wannan aiki, bai taɓa zama jarumin fim ba.

Yana nan aka aiko masa takarda daga ƙasarsu, ana so ya fito a wani shiri, magana huɗu kacal. Amma mantuwa ta fara kama shi. 'Yarsa ta ce ya haƙura, kada ya je ya ji kunya. Tsoho ya daina cin abinci, sai zaman kallon teku.

Rannan ya shigo kicin riƙe da takardar, ya nuna wa Kaka kujera. Ya faɗi maganarsa ta farko, ya tsaya yana kallonta.

"Ni ba Turanci, shi ba Larabci, balle Hausa," in ji Kaka. "Can na gane amsa yake jira. Na ce, 'Baba, albasata za ta ƙone!' Wallahi ya gyaɗa kai kamar abin da aka rubuta ke nan, ya ci gaba."

Kullum bayan la'asar haka suke yi, har mako uku. In ya kakare, ta buga ludayi a murfin tukunya, ya koma farko. Ya dawo cin abinci. Ƙarshe 'yarsa da kanta ta kai shi filin jirgi.

Bayan wata shida Madam, 'yar tasa, ta kira Kaka falo, ta saka kaset. Ga tsoho a matsayin mai gyaran agogo. Ya ɗago kai, ya faɗi huɗun nan ba gargada. Madam ta yi ta kuka.

"Minti nawa ya yi, Kaka?" Safiya ke tambaya kullum.

"Kafin ruwa ya tafasa an wuce shi. Halas, shi ke nan." Shekarar da ta biyo baya ya rasu.

Da ina yarinya tausayinsa nake ji: a tsufa ana ɗaure mutum a kanti, wani na karɓar tafi. Yanzu a wani asibiti nake aiki, ina wankewa da jera kayan tiyata a ɗakin da majinyaci ba ya gani. Nan na fahimci abin da ya hana shi cin abinci, don ni ma ranar da aka ce in huta saboda ciwon baya, rasa inda zan sa kaina na yi. Kuma sai bayan rasuwar Kaka na lura: duk shekarun da ta yi tana ba mu labarin, ba ta taɓa cewa ita ta taimake shi ba.