Bututun da Na Sa wa Motar Baba

Duk unguwarmu an tafi a kan cewa bakaniken Baba ne ya kashe masa mota. Ƙarya ce. Ni na kashe ta, kuma wata biyar ke nan ina ji ana cin naman bawan Allah ban ce uffan ba.

A lokacin shekarata guda da gama sakandare, ina zaune a gida a Yakasai, ba karatu ba sana'a, sai waya da gajen haƙuri. Baba yana da tsohuwar a-kori-kura da yake ɗaukar wa 'yan kasuwa dilolin atamfa, da ita muke ci da ita muke sha. Injinta a ƙarƙashin kujera yake, shi kuma ciwon baya ya hana shi sunkuyawa, don haka ni ce mai ɗaga kujera kullum da safe in duba baƙin mai da ruwa. Umma ta yi faɗa har ta gaji, wai wace irin budurwa ce take warin fetur. Ni abin da ke ci mini rai shi ne yadda motar ke nishi in ta zo hawa gadar Ƙofar Nassarawa da kaya, 'yan adaidaita suna wuce Baba suna yi masa tsiya, wai Alhaji a sauko a goya ta mana.

Sai na ci karo da wani bidiyo a waya, ana bayanin cewa inji ya fi ƙarfi in yana shaƙar iska mai sanyi maimakon wadda ta ɗumama a jikinsa. Na kalla sau uku na ce ai na gane. Ranar da Baba ya tafi ta'aziyya ƙauye a motar haya, na kwance akwatin tace iska, wanda kanikawa ke ce wa iyakilina, na tura shi ƙarƙashin gadona. Na yanko fayif ɗin roba irin na famfo, na gasa shi a garwashin Umma har ya lanƙwasu, na sauko da bakinsa can ƙasa kusa da taya inda iska ke kaɗawa, na ɗaure masa soso da tsumman gidan sauro. Maƙwabta sun saba ganina a jikin motar, ba wanda ya kula. Ban tambayi kowa ba, don na san amsar: in je in wanke kwanuka.

Mota ta canza murya, ta koma gurnani. Ko ƙarfin ne ya ƙaru ko ƙarar ce kawai, har yau ban sani ba. Baba dai ya yi murna, ya ce aikin amininsa bakanike ne, domin a makon ya kai ta garejinsa an yi mata juyen baƙin mai. Wannan bakanike tun kafin a haife ni suke tare, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Ni kuwa ina dariya a ciki, ina jiran ranar da zan ce musu ga mai aikin nan.

Damina ta riga ni. Wata Talata da la'asar aka tafka ruwa, kwatoci suka tumbatsa, Baba ya shiga ruwan da bai kai gwiwa ba, irin wanda ya sha ratsawa shekara da shekaru. Bututuna ya zuƙe shi. Inji ya yi ƙara ɗaya ya tsaya cak, aka turo motar har ƙofar gida. Washegari da sassafe na cire fayif ɗin na mayar da akwatin kamar ba a taɓa shi ba. Wannan ne babban laifina, ba na farkon ba. Baba ya kira wani bakanike na kusa, ya buɗe ya tarar da ruwa a cikin inji, sandunan fistin sun lanƙwashe, ya ce lallai wanda ya yi juye bai ɗaure wani wuri da kyau ba. Baba cikin fushi ya maimaita maganar a ƙofar masallaci. Kafin sati biyu direbobin unguwa sun janye motocinsu daga garejin amininsa.

Dattijon ya zo gidanmu da ƙafarsa, ya roƙi a bar shi ya gani da idonsa. Aka ce in kai masa ruwa. Ina tsaye da kofi ya buɗe akwatin, ya zaro takardar tacewa, ya kaɗa ta, busasshiyar ƙura ta tashi. Ya juya ta gaba da baya. Sannan ya dube ni, ya yi ƙasa da murya yadda Baba ba zai ji daga soro ba, ya kira ni 'yarsa, ya ce takardar da ruwa ya ratsa kumbura take yi ta yamutse, wannan kuwa ba ta taɓa jiƙewa ba. Ya tambaye ni ko a makarantarmu an koya mana yadda ruwa ke tsallake takarda. Ya mayar da ita, ya sha ruwan, ya shiga soro ya ce wa Baba in hannunsa ne ya yi ɓarnar a yafe masa, kuma a ba shi injin ya tashe shi. Baba ya ce ya gode, wanda aka yi ma ya isa.

Tun ranar ban zauna lafiya ba. In na wuce ta gaban garejinsa sai in gan shi zaune a benci yana jan carbi, ba mota ko ɗaya, ya ɗaga mini hannu ya ce in gaida Umma. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

'Yan'uwana masu kallon bidiyo su ɗauki sifana su hau kwance mota, wanda ya yi bidiyon bai san lungunku ba, bai san kwatarku ba. Wanda ya ɗora wannan akwati a sama ba wawa ba ne. In kuma kun ɓata abu, ku faɗa a ranar, domin inji ana iya tayar da shi, amma ɓoyewar tawa wani ta faɗa wa.

Na gaji. Ranar Juma'a in Baba ya dawo daga masallaci zan ajiye masa fayif ɗin a gabansa in gaya masa komai. Ya yi mini abin da ya ga dama, amma zan roƙe shi abu ɗaya: ya koma ƙofar masallacin nan, inda ya faɗi waccan maganar, ya faɗi wannan da murya irin ta ranar.