Ɗigo Biyu Na Mai

A gidan koyon harbin da nake aiki a Dubai akwai wata ƙaramar bindiga da ba ta wuce tafin hannuna ba, irin wadda ake kira ta aljihu. Masu zuwa harbi don nishaɗi suna son ta saboda kyanta da rashin nauyi. Ni kuwa akwai lokacin da ko ganinta na yi sai gabana ya faɗi.

Da shara na fara a wurin. Shekara biyu ina sunkuye ina kwashe kwanson harsashi, har gwiwata ta hagu ta soma ciwo. Shugaban ɗakin bindigogi wani dattijo ne ɗan Sudan, tsohon ɗan sanda, wanda ya tsinci Hausa a bakin kakarsa. Wata rana ya ce in miƙo masa wata bindiga daga kan tebur. Na ɗauka bakinta na kallon ƙasa, yatsana nesa da kunama. Ya dube ni ya ce, "Wa ya koya maka?"

Na ce, "Mahaifina maharbi ne, Baba."

Bayan mako guda ya mayar da ni teburin wanke bindigogi. Aikin zama ne, ga sanyin na'ura, gwiwa ta huta. A bangon da ke gabana an manna wata takarda mai rubutun Turanci da Larabci da zanen bindiga. Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ya ce, "Ka karanta wannan, ka bi shi." Na gyaɗa kai. Gaskiyar ita ce ban iya karatun boko ba, Larabcin kuma ba irin na allo ba ne, babu wasali ko ɗaya. Kunya ta hana ni faɗa, ina da shekara arba'in da biyar da furfura a gemu.

Na ce a raina ai ba baƙon abu ba ne. Tun ina yaro nake ganin mahaifina yana shafe harba-ka-rugarsa da man gyaɗa har ta riƙa sheƙi. Yakan ce ƙarfe ba ya gajiya da mai, tsatsa ce mutuwarsa. Haka na riƙa yi wa bindigogin gidan. Manyan suka haƙura da ni, ba su taɓa ba ni kunya ba. Ƙaramar nan ce ta fara cijewa. A harba biyu ko uku, sai kwanso ya maƙale a bakin ramin da yake fita, ko harsashi na gaba ya ƙi shiga mazauninsa. Duk lokacin da aka dawo mini da ita, sai in ce ƙishi take ji, in ƙara mata mai.

Wata Asabar da rana wani ƙaton mutum ya karɓe ta. Ina bayan gilashi ina kallo. A harbi na uku ta cije. Maimakon ya tsaya yadda aka gaya masa, bakin bindiga wajen allon saiti, ya ɗaga hannu a zo a duba, sai ya juyo da ita gaba ɗaya yana cewa ta lalace. Mai koyarwa ya cafke wuyan hannunsa ya mayar da shi gaba. Ba abin da ya sami kowa.

Da yamma Baba ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Manaja ya ce ɗaya daga biyu ne, ko bindigar ko mai wanke ta. Ya ba ni mako guda. In bindigar ce, za a ajiye ta. In kai ne, khalas, shi ke nan, ka koma tsintsiya."

Na san gwiwata ba za ta sake ɗaukar shara ba. In na bar teburin nan, jakata zan haɗa in koma gida kafin lokacin da na tsara, ga yara uku a makaranta.

Kwana biyu ina kwance ta ina haɗawa. Na duba ko wani abu ya lanƙwashe, ban gani ba. A rana ta uku na ɗaga kai na dubi takardar bangon. Wata shida tana kallona. Na ciro waya na ɗauki hotonta.

A masaukinmu da ke unguwar Abu Hail mu huɗu ne a ɗaki. Wanda gadonsa ke saman nawa mutumin Kafanchan ne, Kirista, mai gyaran lantarki, kuma shi ke karanta mini saƙon kamfani tun zuwana. Ranar hutu, bayan mun gama cin shinkafa, na miƙa masa wayar.

Ya ce, "Yaya, wannan fa? Ka shiga soja ba mu sani ba?"

"Karanta mini kawai."

Ya bi layi-layi yana fassarawa. A tabbatar babu harsashi. A goge baƙin albarushi. Sai ya zo kan zanen. "Nan an ce ɗigo ɗaya, nan ma ɗigo ɗaya. A goge ragowar. An ma ja layi a ƙasa: yawan mai yana tara datti, musamman a ƙananan bindigogi." Ya ɗago. "Kai nawa kake sa mata?"

Na ce, "Har sai ta yi sheƙi."

"Sheƙi? Yaya, bindiga aka ba ka ko ƙosai?"

Sauran biyun suka fashe da dariya, ni ma na yi. Sai na tuna baƙin abin nan mai kauri da nake tararwa a cikinta kullum, kamar ƙullin kuka. Mai ne da hayaƙin albarushi suke haɗuwa su daskare. Ni da hannuna nake shaƙe ta.

Mai gyaran lantarkin ya ce, "To ai shi ke nan. Gobe ka wanke ta, ka sa ɗigo biyu, ka yi shiru. Wa zai sani?"

A cikin jirgin ƙasa, a hanyar zuwa aiki, na yi ta juya maganarsa. Da na yi shiru, da ta wuce. Amma hoton mutumin nan yana juyowa da bindiga a hannu bai bar ni ba. Kuma takardun bango ba ɗaya ba ne a gidan. Wannan ta mai ce; ban san abin da sauran suke faɗa ba.

Na wanke ta tas, na bushe ta, na ɗiga mata ɗigo biyu. Sannan na kai wa Baba, na ce, "Ni ne, ba ita ba. Mai nake cika mata. Kuma takardar nan ban taɓa karanta ta ba, domin ban iya ba."

Ya ɗauke ta, ya sa abin toshe kunne, ya shiga wurin harbi. Ina bayan gilashi ya harba ya sake cikawa, ya harba ya sake cikawa, ba ta cije ba ko sau ɗaya. Da ya fito ya ajiye ta a gabana.

Ya ce, "Ƙarama ba ta da haƙuri irin na manya. Komai nata a matse yake. Datti kaɗan ya dame ta, harsashi maras kyau ya dame ta, riƙon sakainar kashi ma ya dame ta. Za ta sake cijewa wata rana ko da kai ko ba kai. Wannan ba ya ba ni tsoro. Gyaɗa kan da ka yi mini shi ne abin tsoro."

Na ce, "Na yi kuskure, Baba."

"Zan gaya wa manaja mai ne ya yi yawa, kuma an gyara. Teburinka yana nan. Amma duk bindigar da ka wanke sai ta bi ta hannuna, har ranar da za ka tsaya nan ka karanta mini takardar da bakinka. Shwayya shwayya, a hankali, ba gudu ake ba."

A unguwar Muraqqabat akwai wani malamin makaranta, ɗan ƙasarmu, da ke koyar da manya karatu ranar hutu. Da Hausa muka fara, sannan muka taɓa Turanci. Wata goma sha ɗaya na yi kafin na tsaya gaban bangon. Na karanta ina tuntuɓe, Baba yana shan shayinsa bai gyara mini ko kalma ɗaya ba. Da na kai ƙarshe ya tura mini ƙaramar bindigar ya ce, "Yalla, maza wanke ta. Ba sai ka kawo mini ba."

Har yanzu takan cije jefi-jefi, yawanci a hannun masu riƙe ta sako-sako. In an dawo mini da ita sai in buɗe, in goge, in ɗiga ɗigo biyu, in rufe kwalbar man in tura ta can nesa da hannuna.