Hannun da ke Ƙofar Ɗaki na Uku

Gidan da na gada daga mahaifina a Magariya masaukin fatake ne. Soro huɗu ne a jere daga zaure zuwa ciki, uku na baƙi, na ƙarshe kuwa na Inna, mahaifiyata, wadda ta makance tun ina saurayi. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da ɗakin baƙi na uku. Abin da zan faɗa ya faru 'yan shekaru kafin Nasara su shigo Damagaram, amma har yau idan masu masauki na yanzu suka zo neman shawarata, da wannan bangon nake fara musu, su kuwa su ɗauka surutun tsufa ne.

Al'adarmu a lokacin, idan baƙo zai yi doguwar tafiya ya bar kaya, sai ya jawo ƙyaure, ya kwaɓa laka ya liƙe ƙofar, ya danna tafin hannunsa a jiki tun tana ɗanya. Daga ranar ɗakin ya zama amana, wanda ya liƙe shi kaɗai zai fasa. Mai masaukin da aka ji ya taɓa irin wannan laka, labarinsa sai ya kai Kano, ba kuma falken da zai ƙara sauke jakinsa a ƙofarsa. Ni kuwa ba ni da abin taƙama da ya wuce a ce a gidanmu ba a taɓa fasa hannun kowa ba.

Wani falke mutumin Dungas, mai fataucin fata da kanwa, shi ya liƙe ɗaki na uku. Ƙaramin yatsansa guntu ne, don haka shaidarsa ta fito da yatsu huɗu da rabi. Ya ce mini, "Maigida, ga ɗakina nan. Kafin ruwa ya sauka na dawo." Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo bayanta, ba shi ba labarinsa.

Kowace bazara wani tsohon magini, abokin mahaifina, yakan zo ya duba mana gida. Ya hau rufi ya yi yaɓe, ya share indararo, sannan ya bi ɗaki ɗaki da sanda yana ƙwanƙwasa azara, wato itacen giginyar da ke riƙe da rufin. Wadda ta amsa da ƙarfi lafiyarta lau, wadda ta amsa kamar ƙwarya gara ta cinye cikinta. A bazara ta uku ya tsaya gaban ɗakin nan ya daɗe.

"Ɗana, yaɓen da nake yi a sama kwalliya ce kawai, ciwon yana ciki. Kira shaidu biyu mu fasa, in duba, mu mayar."

"Baba, in mun mayar, hannun wa za mu danna? Naka ko nawa?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ɗauki sandarsa ya tafi, ni kuma na riƙa ba mutane labarin amsar da na ba shi, ina jin daɗin kaina.

Inna ma ta yi magana. Da yake ni ɗan fari ne ba ta kiran sunana, sai dai ta ce "kai wannan". Wata rana da hantsi na kai mata fura, na tarar ta manna tafin hannunta a bango, ta karkata kai.

"Kai wannan, akwai masu aiki a ɗakin can. Ƙas-ƙas, ƙas-ƙas, ba su hutawa."

"Ɓeraye ne, Inna. Ko kuwa kunnen ne ya fara ƙirƙiro miki baƙi?"

"Na san ɓera. Kai mai ido ne, shi ya sa ba ka ji."

Na ce to ta koma ɗakin matata, can sashenmu na cikin gida, har damina ta wuce. Ta ƙi. A ɗakin nan ta san inda tulu yake, ta san taku nawa ne zuwa ƙofa, a wani wuri kuwa sai an ja ta kamar akuya. Ta ce in buɗe wancan ɗakin shi ne magana. Raina ya ɓaci, na ce mata mutuncin gidan da mijinta ya bari ba zai zube a hannuna ba saboda ƙas-ƙas. Ba ta ƙara tayar da zancen ba. Da kunya nake faɗin wannan, amma na ji daɗin shirunta.

A tsakiyar marka aka yi kwana uku ana yayyafi. Ran na uku bayan la'asar ina zaure, sai na ji wata ƙara, ba ma mai ƙarfi ba, kamar an sauke buhun gero daga kan raƙumi. Rufin ɗaki na uku ne ya zauna, ya tura bangon da ke tsakani ya kwanta a kan shimfiɗar Inna. Da hannu muka yi tono, ni da maƙwabta. Mun same ta a gefen bangon, inda ta saba zama. Ba ta kai magariba ba.

Abin da ya tsaya a ɗaki na uku shi ne bangon gaba kaɗai, da ƙyaurensa da lakarsa da yatsu huɗu da rabi. Kowa yana iya zagayawa ta baya ya ga ba komai sai ƙasar gara, amma ban bari an taɓa ƙofar ba. Gani nake in na fasa ta yanzu, to Inna ta tafi a banza ke nan.

Da rani falken ya dawo, ya yi ƙiba. Ya yi mini gaisuwar mutuwa yadda ya kamata. Na kai shi gaban ƙofar, na ce gara ta cinye kayansa amma ga hannunsa nan yadda ya bar shi. Ya dube ni da mamaki.

"Wane kaya, maigida? Ai tsofaffin tabarmi ne da akumarin jaki. Ɗakin ne na ga yana da sanyi, na liƙe don kada ka ba wani. Ai da ka buɗe abinka."

Ya sa dunduniya ya doki lakar sau ɗaya, ta zube.

Tun daga nan duk wanda zai liƙe ɗaki a gidana, sai ya nuna mini abin da ke ciki, ya kuma yarda a gaban shaidu cewa kowace bazara zan shiga da sanda. Wanda bai yarda ba ya kwashi kayansa. Haka nake gaya wa masu neman shawara, ina ƙara musu da cewa duk wanda ke kwana a jikin bango ya ce ya ji wani abu, su tashi su duba a ranar.

Yanzu nawa idon ma ya fara dushewa, kunnena kuwa ya buɗe. Da hantsi, idan gida ya yi shiru, nakan manna hannu a bango in saurara. Ashe ana ji sarai. Ko a lokacin ma, da na ajiye furar nan na matsa kusa da ita, da na ji.