Wardin da Baba Ya Hana Tsinka

Jiya na ji ana sake dasa wardi a lambun shaƙatawa na bakin tafki, sai Baba ya faɗo min a rai. A da, shi ke ban-ruwa a can, tare da wani mutumin Gabas. Da rikicin yaƙin basasa ya ɓarke, mutumin ya kwashi iyalinsa ya gudu, ya ce, "Malam, riƙe min layina na wardi."

Duk shekarun yaƙi Baba kan tako daga Mandawari ya shayar da layin, hannunsa duk karcen ƙaya. Na taɓa miƙa hannu zan tsinki fure, ya doke shi. "Amana ce, mai shi zai dawo."

Bai dawo ba. Baba ya rasu, layin ya bushe. Allah Ya sanyaya makwancinsa, yadda ya sanyaya shukar wani.