Sunan da Kaka Ba Ta Faɗa

A ƙauyenmu da ke gefen Tudun Wada, da an sauke tuwo da almuru sai mu jikoki mu kwasa a guje zuwa ƙofar ɗakin Kaka Saratu, kowa da ɗan rogonsa na gashi. Har 'ya'yan Malam Sule maƙwabcinmu sukan zo bayan sallar magariba, mu yi ta ture-ture a kan wanda zai zauna kusa da wuta. Ni kuwa wurina ba ya taɓuwa. Kaka takan ce, "Ku matsa wa Mai Suna." Haka take kirana, ban taɓa jin Ishaya a bakinta ba.

Tana da Gizo da Ƙoƙi buhu-buhu, amma mu labarin Wani Yaro muke so. Da ta ce "Ga ta nan," kafin ta rufe baki mun amsa da ihu.

Wani Yaro, in ji ta, ya fi kowa noma. A wurin gayya yakan kai ƙarshen kunya ya dawo ya taya na baya. Ya kayar da ƙato uku a kokawa rana ɗaya. Da yaƙin basasa ya tashi, sai ya hau motar sojoji yana rera waƙar sujada, uwarsa na bin motar da ƙullin gyaɗa. Ya yi tafiya har bakin wani kogi mai faɗin da ba a hango ƙetarensa. Mu dai a nan tuni mun miƙe, muna harbin juna da karan dawa. Sai ta tura itace cikin wuta ta ce, "Ƙurunƙus. Ku ci rogonku."

Abin yana ba ni haushi ƙwarai. Wata Asabar na tsare ta. "Kaka, ya ƙetare ko bai ƙetare ba? Kuma shi ba shi da suna ne?"

Babana ya daka mini tsawa daga zaure. Kaka ta ce, "Ƙyale shi, Yohanna. Bakin ne irin na wancan."

Washegari Lahadi ce ta tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi. Sabon Fastonmu ya ce kowane gida a tashi a kira sunan wanda aka rasa, don a sa shi cikin addu'a. Da aka zo kanmu babana ya miƙe, ya buɗe baki, kuka ya shaƙe shi. Fasto ya jira, ya jira, har ya juya zai wuce gida na gaba.

Sai Kaka ta dafa kafaɗata ta tashi. Ta ce, "Ishaya. Ɗana na fari."

Tsofaffin zumuntar mata suka kama baki. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce da ake tafiya da ita har kabari. A nan na gane wane ne Wani Yaro, na gane kuma sunan wa nake ɗauke da shi. Ita kuwa ba ta zauna ba. Ta ce, "Ya Yesu, akwai iyaye mata a ƙetaren kogin nan, su ma nasu ba su dawo ba. Ka share mana hawaye gaba ɗaya. Kada ka sake bari mota ta zo ɗibar 'ya'yan kowa." Amin ɗin da aka yi ranar sai da kwanon majami'a ya amsa.

Yau ni ma ina da ɗan fari, ya isa shiga soja. Duk shekara in aka ce a yi addu'ar salama, ba ƙasa nake fara gani ba, fuskarsa nake gani. Da ina yaro na ɗauka jarumin labarin shi ne wanda ya hau mota. Sai da na girma na san abin da tsohuwar nan ta yi: shekara da shekaru tana riƙe da kunyarta, ta ajiye ta a gaban jama'a don kada a tsallake ɗanta a wurin addu'a.