Zakaran da Na Hura wa Iska a Mile One

Har a binne ni ba zan manta da Talatar da motar kaji ta iso mana kasuwar Mile One da matattun kaji a ƙasan keji ba. Shekarata goma sha bakwai ke nan ina sauke kaji a Fatakwal, a rumfar Alhaji Sabo, shugaban 'yan kaji na wannan layi. Ku sababbin zuwa ku saurara, don ba wanda zai gaya muku wannan sai ni.

Ga yadda aikin yake. Mota ta kwana biyu a hanya daga Arewa, kaji sun galabaita. Mai saukewa zai kurɓi ruwa ya fesa musu da baki. Wadda ta sunkuyar da kai sai ka buɗe bakinta, ka haɗa da naka, ka hura mata iska har ta farfaɗo. In ta ƙi, ka yi maza da wuƙa kafin ta zama mushe. Alhaji ne ya koya mini wannan da kansa, ni kuma ina alfahari ba wanda ya kai ni iyawa.

A ranar na ga abin da ban saba gani ba. Kawunansu sun kumbura, zankon zakaru ya koma shuɗi, majina na zuba. Na ce, "Alhaji, wannan fa ba gajiyar hanya ba ce."

Ya ce, "Kai Iliya, yaushe ka zama likita? Farfaɗo da su, sauran a yanka."

Na ɗauko wani jan zakara mai kakari, na hura masa sau uku. Har yanzu ina jin ɗumin majinarsa a leɓena. A hannuna ya mutu.

Kafin azahar likitar dabbobi ta iso, wata mata 'yar nan garin, da takunkumi da safar hannu. Ban san wa ya kira ta ba. Ta hana yanka, ta ɗauki zakaran nan nawa ta tsaga wuyansa a kan tebur, ta buɗe maƙogwaron. Na yanka kaji iyakar rayuwata, na san cikin maƙogwaro fari ne, sumul. Wannan ja ne jawur, kamar an goge shi da soson ƙarfe.

Da Turancin Buroka ta yi bayani, ina ganewa. Ta ce tana zaton murar tsuntsaye ce, sai an gwada za a tabbatar. Ta ce bangon maƙogwaro an jera shi da 'yan ƙananan ɗakuna kamar saƙar zuma, ido ba ya gani, kowane da gashi a kansa yana share ƙura da majina zuwa waje. Ƙwayar cutar takan manne a ɗaki, ta shiga, ta mayar da shi wurin haihuwarta, ɗakin ya mutu, 'ya'yan su bazu zuwa na kusa. In masu sharar sun ƙare, hanyar huhu ta zama a buɗe. Ta ce ba kasafai take kama mutum ba, amma in ta kama, ba wasa.

Sai ta tambaya wa ya taɓa su. Wani mai figar kaji ya nuna ni yana dariya: "Wannan har sumbatarsu yake yi."

Ta juyo. "Oga, you put your mouth?" Wato ko na sa bakina.

Na dubi Alhaji. Ya ce, "Mu dai ba mu san da wannan ƙazantar ba." Wallahi haka ya ce, a gaban mutane.

Aka kashe kajin duka aka binne, aka yi feshi. Ni kuma aka goga auduga a maƙogwarona, aka ce in zauna gida kwana goma, in na ji zazzaɓi in kira. Na tura matata da yara gidan yayarta, na zauna ni kaɗai a ɗakinmu na Mile 2. Ko yawu na haɗiya sai in ga jan maƙogwaron nan. Ranar huɗu na fara tari. Na zauna bakin katifa da rana tsaka ina sauraren ƙirjina, ina jira in ji kakarin zakaran. Matata ta kira ta ce, "Baban Zainab, me ya sami muryarka?" Na ce barci na tashi. Na kashe wayar na yi kalmar shahada.

Cikin 'yan layinmu ba wanda ya leƙo. Abinci ma a bakin ƙofa ake ajiye mini, a ƙwanƙwasa a gudu. Likitar nan ce ta kira ranar shida: kajin suna da cutar, ni ba ni da ita. Tarina na sanyin damina ne kawai. Na yi sujadar godiya.

Da na koma, Alhaji ya ce, "Ka gani? Tsoro ne kawai irin naka." Na wuce na kama aikina.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan an fi tsoron kaza ta zama mushe da mutum ya zama gawa. Wanda ya ce ka hura ba bakinsa zai sa ba. Kaza in ta sunkuyar da kai, ku ware ta, ku kira likita. Tun daga ranar kaji da yawa sun zama mushe a gabana, hannuna a aljihu, ana zagina. Su zaga. Ina jin su, maƙogwarona kuwa lafiya lau.